Kujeru Biyu Na Kudancin Kano Da Alƙalamin Magatakarda

Zuwa ga Edita,

Ga ni kuma a ɗan filin nan da ka saba ba ni. Wani malamin makaranta, mai karanta jaridar nan kowane sati, ya tare ni ran kasuwa a Kwanar Dangora, ya ce, "Malam, kullum zancenka haraji da kuɗin taki, yaushe za ka ba mu labarin waɗanda muke aikawa Abuja?" Na ce masa to. Yau zan cika alkawari. In ya ga zancen ya karkato ya komo kanmu, mu masu cin abinci da alƙalami, ya yi haƙuri, gama nan labarin ya kai ni.

Ƙasar da nake nufi ita ce ta Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa. Ba ƙaramar ƙasa ba ce. A Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata cikin 1877, nan ne kuma rundunar Turawa ta fara bugawa cikin 1903 sa'ad da ta taso daga Zariya za ta Kano. Madatsar ruwan Tiga tamu ce, da dajin Falgore, da duwatsun Riruwai inda aka haƙi kuza. A Majalisar Wakilai ta Abuja akwai kujeru 360, Jihar Kano tana da 24, biyu daga ciki namu ne, watau Ƙiru da Bebeji kujera guda, Tudun Wada da Doguwa kujera guda.

Kakanninmu sun fara jin kalmar zaɓe sosai cikin 1951, amma zaɓen nan hawa hawa ne. Masu biyan haraji su zaɓi mutum a ƙauye, waɗanda aka zaɓa su taru a gunduma su tsame waɗansu, haka har a kai matakin ƙarshe, inda En'e take da ikon ƙara nata mutane. 'Yan NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, sun yi rawar gani a matakin fari cikin birni, amma da aka gama tankaɗe da rairaya ba ko ɗaya daga cikinsu da ya kai Kaduna daga lardin Kano. Tun ran nan ya kamata mu gane tsakanin hannun mai zaɓe da kujera akwai tafiya, a hanya kuwa ake yin ɓata. Cikin 1959 aka yi zaɓen tarayya kai tsaye, kowa ya shiga ɗaki shi kaɗai ya jefa takardarsa a akwatin fartanya ko na tauraro, amma maza kaɗai. Iyayenmu mata sai 1976 suka sami wannan dama. Soja suka rufe majalisa cikin 1966, aka buɗe cikin 1979, shekarar da mabuɗin PRP ya buɗe wa Abubakar Rimi gidan gwamnatin Kano, aka sake rufewa ran ƙarshe na 1983.

Cikin 1992 mutanen Tudun Wada da Doguwa suka aika da wani saurayi, Alhassan Ado Doguwa, a kan dokin SDP. Bai cika shekara a kujera ba Janar Abacha ya watsa majalisar cikin Nuwamba 1993. Da mulkin farar hula ya komo cikin 1999, ɗan Doguwa ne, Mas'ud El-Jibril, ya zama sanatan Kano ta Kudu. Shi kuwa Alhassan Ado ya koma Majalisar Wakilai cikin 2007, ya yi ta cin zaɓe har ya zama mai tsawatarwa cikin 2015, sa'an nan shugaban masu rinjaye cikin 2019. A ɗaya kujerar kuma Abdulmumin Jibrin na Ƙofa ya shiga cikin 2011 a ƙarƙashin lemar PDP, ya sake ci cikin 2015 da tsintsiyar APC, aka ba shi shugabancin kwamitin kasafin kuɗi. Ka ga ke nan ƙasar nan tamu ba ta rasa manya a majalisa ba. Abin da ta yi ta rasawa shi ne zaman kujerar kanta.

Ga yadda abin ya faru. Cikin 2016 Abdulmumin ya zargi shugabannin majalisa da cusa ayyuka cikin kasafin shekarar, su kuwa suka ce ba su yi ba. Ran 28 ga Satumba majalisa ta dakatar da shi kwana 180 na zama, bai koma ba sai Maris 2018. Ba ni ne alƙalin rigimarsu ba. Amma jama'a, ku lissafa da ni: wajen shekara ɗaya da rabi mutanen Ƙiru da Bebeji ba su da baki a zauren nan, aka yi kasafin 2017 aka gama ba wanda ya miƙe da sunansu. Cikin Mayu 2018 babbar kotun tarayya ta ce dakatarwar ta saɓa wa doka, ta ce a biya shi albashinsa.  Kwanakin da talakawa suka rasa fa, wace baitulmali za ta biya su?

To, yanzu na iso inda nake so 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta su kasa kunne. An yi zaɓe cikin Fabrairu 2019, aka ce Abdulmumin ya ci, Alhassan Ado ya ci, suka tafi Abuja aka rantsar da su. Cikin Nuwamba na shekarar, kwanaki kaɗan tsakani, Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke zama a Kaduna ta soke zaɓen kujerun nan duka biyu, ta ce a sake. Mene ne dalili? Takarda. A Ƙiru da Bebeji alƙalai suka ce takardar ƙarshe da aka rubuta sakamako a kai an ɓata ta da gyare-gyare. A Tudun Wada da Doguwa suka ce jam'iyyu biyu kaɗai aka rubuta a takardar ƙarshe, aka bar sauran da suka shiga takara. Dubban mutane sun bar sussuka da kasuwa, tsofaffi sun tsaya a rana, mata sun goyo 'ya'ya sun zo, duk wahalar nan ta faɗi a kan warka guda wadda wani mai ilmi irinmu ya cika. Ko da gangan aka yi, ko gajiya ce, ko tsoro, hannun da ya riƙe alƙalamin dai hannun mai karatun boko ne.

A cikin watanni ukun da kujerun suke wofi, majalisa ba ta jira mu ba. Ta amince da kasafin 2020, Shugaba Buhari ya sa hannu ran 17 ga Disamba 2019. Ta kuma amince da dokar da ta ɗaga harajin kayan saye daga biyar bisa ɗari zuwa bakwai da rabi. Ƙananan hukumomi huɗu cur, daga bakin Tiga har iyakar Bauchi da Kaduna, aka ƙara musu haraji ba wakilinsu a wurin.

Ran 25 ga Janairu 2020 aka sake zaɓen, rana ɗaya a maƙwabtan nan biyu, amma kowacce da abin da ta haifa. Alhassan Ado ya koma kujerarsa, ya kayar da Salisu Yusha'u na PDP. Abdulmumin kuwa Aliyu Datti Yako na PDP ya kayar da shi da rata mai yawa. Ba a daɗe ba shi Datti Yako ya koma APC, jam'iyyar da mutane suka ƙi a akwati. Cikin 2022 Abdulmumin ya koma NNPP mai kwandon kayan marmari, ya karɓe kujerar cikin 2023, cikin 2025 kuma ya sake komawa APC. Tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ya bar jam'iyyar da ta kai shi majalisa ya bar kujera, sai fa in jam'iyyar ta rabu biyu. Ni dai tun da na yi wayo ban ga jam'iyyar da mai son fita ya kasa gano mata tsaga ba. Wannan zance ne na wata rana.

Na 2023 a Tudun Wada shi ya fi ciwo, gama jini ya zuba. Ana cikin tattara sakamako a ƙarshen Fabrairu rikici ya tashi, aka ƙone ofishin NNPP, rayuka suka salwanta. 'Yan sanda suka kama Alhassan Ado aka kai shi kotu, ya ce ba hannunsa, aka ba da belinsa, cikin Mayu kuma babban lauyan gwamnatin Kano ya ce ba shaidar da za ta riƙe ƙarar. Abin da ya shafi zancenmu shi ne, malamin jami'ar da ya karanta sakamakon fari ya komo ya ce tilasta masa aka yi. Hukumar zaɓe ta janye sakamakon, aka ƙarasa zaɓe ran 15 ga Afrilu, Alhassan Ado ya ci. Ga takarda kuma, karo na uku cikin shekara huɗu.

Kada wani ya ce ina zaune a inuwa ina ganin laifin na rana. Ni ma na taɓa yin aikin zaɓe a wata rumfa ta ƙauye. Muka gama ƙirga bayan isha'i, ba fitila sai ta waya, tun safe ban sa kome a bakina ba, ga mutane sun kewaye tebur kowa yana numfashi a ƙeyata. Na zo rubuta 163 sai na rubuta 136. Da na gani, jikina ya yi sanyi, na kai hannu zan murje in sake. Wani dattijon malamin firamare da muke tare ya kama wuyan hannuna, ya ce, "Ɗana, kada ka taɓa." Ya kira wakilan jam'iyyu duka, aka sake ƙirga a gabansu da ƙarfi, na ja layi ɗaya siriri yadda kowa zai iya karanta kuskuren, na rubuta daidai a gefe, kowannensu ya sa hannu. A makarantar Mishan da na yi, malamin lissafinmu yakan ce kuskuren da aka bari a fili kuskure ne, wanda aka goge kuwa ya zama abin tuhuma. Na sha bulala a kan wannan ina yaro, amma sai daren nan na gane abin da yake nufi. Rumfa ɗaya ke nan, ƙuri'a 27 tsakanin lambobin biyu. Yaya wanda aka tara wa takardun gundumomi goma sha wani abu da tsakar dare, ga ihu a bakin ƙofa?

Saboda haka ina da roƙo, ba mai tsada ba. Hukumar zaɓe ta tanadi fitila da abinci a wurin tattara sakamako, ta koya wa ma'aikata cika takardun nan da hannunsu tun da sauran kwanaki, ba jawabin yini guda a ɗaki mai cunkoso ba. A sa tsaro a wurin tattarawa kamar yadda ake sawa a gidan manya. Wakilan jam'iyyu kuma a zaɓo masu iya karatu, gama doka ta ba kowannensu kwafin takardar rumfarsa, na kuwa ga wakilin da ya naɗe tasa ya sa a hula bai san abin da ke ciki ba. Mu kuma da ake ɗauka aikin, wanda ya san zuciyarsa ba za ta iya tsayawa ba in an daka masa tsawa, ya faɗa tun ana rubuta sunaye, ba abin kunya ba ne.

Ina so waɗanda suka yi aikin zaɓe a Yako, ko Ƙofa, ko Daɗin Kowa, ko Riruwai su rubuto wa Edita abin da idonsu ya gani a kan tebur, ba sai sun ambaci sunan kowa ba. Sati mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ɗauko zancen sauya jam'iyya da na ajiye.

Naku,
Akawun Kudu, Ƙiru.