Abokan Hanya: Abin Da Keke Ya Koya Mana

 A hutun da ya wuce mu uku muka ɗaura jakunkuna a kariyar kekunanmu, muka kama hanyar Daura daga Kano, ta Dambatta da Kazaure, don mu ga rijiyar Kusugu da idonmu. Tafiyar ta haura kilomita 100, kuma lokacin hunturu ne, iska tana busowa daga arewa maso gabas, tana dukan fuskarmu duk tsawon hanya.

Bayan mun wuce Kazaure sai muka bar kwalta muka bi hanyar ƙasa, wai mu yanke. Nan ƙaya ta huda tayar ɗayanmu. Famfo muna da shi, amma sholisho ya bushe a gwangwani, ruwan gorunanmu ya kusa ƙarewa, waya kuma babu sabis. La'asar ta yi, ga hankali ya fara tashi.

Can sai ga wani dattijo a kan tsohon keke, ya ɗaure kwandon kaji a baya. Muka yi masa sallama, muka gaishe shi.

"Samari, daga ina haka?"

"Daga Kano, Baba. Faci muka yi."

Bai ƙara tambaya ba. Ya kwance ƙullin leda, ya ciro sholisho da guntun tsohuwar roba. Ya hura robar tayar, ya kara ta a kumatunsa har ya ji inda iska ke fita, ya kankare wurin da dutse, ya shafa, ya ce mu bari ya sha iska kafin a manna. Sannan ya shafa cikin tayar da yatsa ya zaro ƙayar. Da mun bar ta, da facin ya sake dawowa nan take. Muka miƙa masa kuɗi, ya ce: "Ku riƙe, 'ya'yana, ku sayi fura a gaba." Ya kuma gaya mana hanyar da muka ɗauko ta ɓulle da yashi, ya raka mu har mararrabar da ta mayar da mu kan kwalta kafin magariba.

Ga abin da muka riƙe. Ku fara da gaisuwa kafin tambaya. Ku tambayi mutum biyu ko uku hanya da lafiyarta, domin matambayi ba ya ɓata. Kada ku gaya wa kowa abin da ke jakarku. Kada ku fita sai da izinin iyaye, kuma kada dare ya riske ku a daji. In rana ta yi ƙasa, ku nemi gidan mai gari.

Har yau ba mu san sunan dattijon ba. Amma tun daga ranar, ba ma wuce mai tura keke a hanya sai mun tsaya. Sai mako mai zuwa.