Ƙasashe ma suna zama jarrabawa: Yadda ake shiga Tarayyar Turai

 

Yau da taswira za mu fara. Ku buɗe ta Afirka, ku duba can sama ta hannun hagu inda Maroko take. Tsakaninta da Sifen, wadda ke Turai, wani siririn ruwan teku ne da ake kira mashigin Jibralta, faɗinsa a inda ya fi tsukewa kimanin kilomita 14. In gari ya yi haske, wanda ke tsaye a gaɓar Maroko yana hango duwatsun Sifen. A shekarar 1987, zamanin Sarki Hassan na Biyu, Maroko ta rubuta takardar neman shiga ƙungiyar ƙasashen Turai, wadda daga baya ta zama Tarayyar Turai. Ba a daɗe ba aka ba ta amsa cewa ita ba ƙasar Turai ba ce, aka rufe maganar.

A wannan shekara ta 1987 ɗin Turkiyya ma ta nema. Ita ba a ce mata ba ’yar Turai ba ce, ko da yake mafi yawan ƙasarta a nahiyar Asiya take. An karɓi takardarta, amma ga shi har yau ba ta shiga ba. Me ya sa aka sallami ɗaya tun daga bakin ƙofa, aka bar ɗayar a zaure shekaru sama da 35? Kuma me ƙasa za ta yi kafin a ce mata bismillah, shigo?

Tarayyar Turai tana da ƙasashe 27 a yau, amma da shida ta fara: Faransa, Jamus ta Yamma, Italiya, Beljiyam, Holan da Luksambok. Sashe na 49 na yarjejeniyar Tarayyar ya ce duk ƙasar Turai da ke mutunta aƙidojin ƙungiyar tana iya neman shiga. Ku lura, damar nema aka ba ta, ba a yi mata alkawarin karɓa ba. A nan Maroko ta faɗi, tun a kalmar farko.

Da aka rushe katangar Berlin a 1989, Tarayyar Sobiyat ta wargaje a 1991, sai ƙasashen Gabashin Turai da suka fito daga mulkin kwaminisanci suka yi layi suna son shiga. Shugabannin Tarayyar suka ga dole a sami ma’auni ɗaya da za a auna kowa. Suka haɗu a Kopenhagen, babban birnin Denmak, a watan Yunin 1993, suka gindaya sharuɗɗa uku. Mai karatun darasin Gwamnati ya riƙe wannan suna, Sharuɗɗan Kopenhagen.

Na farko na siyasa ne. Dole ƙasa ta kasance tana da tsayayyun hukumomi da ke tabbatar da dimokuraɗiyya, da fifita doka a kan kowa, da kare haƙƙin ɗan’adam, da mutunta ƙananan ƙabilu. Yin zaɓe kaɗai bai wadatar ba. Ana duba ko alƙali zai iya yanke hukuncin da bai yi wa gwamnati daɗi ba ya kwana lafiya, ko ɗan jarida zai soki minista bai tsinci kansa a kurkuku ba. A 1997, lokacin da ake zaɓen ƙasashen da za a fara tattaunawa da su, an bar Sulobakiya a baya saboda yadda Firaminista Vladimir Meciar yake tafiyar da mulki, alhali maƙwabciyarta Jamhuriyar Cek ta wuce. Sai da jama’ar ƙasar suka sauya gwamnati a zaɓen 1998 sannan hanya ta buɗe, ta kuma shiga a 2004 tare da wasu ƙasashe tara. Haka kuma ƙasar da ke zartar da hukuncin kisa ba ta shiga, kuma neman shigar na cikin abin da ya sa Turkiyya ta soke shi gaba ɗaya a 2004.

Na biyu na tattalin arziki ne: kasuwa mai tafiya da kanta, da masana’antun da za su iya gogayya. Dalilin a fili yake. Ranar da ƙasa ta shiga, harajin kwastan tsakaninta da sauran ya tashi, kayan Jamus da na Italiya za su shigo kasuwanninta kai tsaye. Masana’antar da ta saba rayuwa a inuwar kariyar gwamnati tana iya durƙushewa cikin ɗan lokaci.

Na uku shi ne mai cinye shekaru. Dole ƙasa ta ɗauki dukkan dokokin da Tarayyar ta tara tun kafuwarta, dubban shafuka, ta mayar da su nata, ta kuma nuna tana da ma’aikatan da za su aiwatar da su. An kasa dokokin babi 35. Akwai babin noma, na kamun kifi, na muhalli, na tsaftar abinci, na shari’a, na sufuri. Abin ya kai har ga yadda ake tsaftace mayanka da irin maganin ƙwarin da manomi zai fesa a gona. Ana kiran wannan mataki tattaunawa, amma kada sunan ya ruɗe ku, ba ciniki ba ne irin na kasuwa da za a ce albarka a rage. Dokar tana nan yadda take. Abin da ake iya roƙo shi ne ƙarin lokaci kafin a fara aiki da wani sashe. Bahaushe ya ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura.

Wani lokaci wutsiyar tana da tsada. A da Lituweniya tana da tashar nukiliya a Ignalina da ke ba ta mafi yawan wutar lantarkinta, amma injinanta irin na tashar Canobil ne da ta yi bindiga a 1986. Tarayyar ta ce sai an rufe. Lituweniya ta amince, ta kashe inji ɗaya a ƙarshen 2004, ɗayan a ƙarshen 2009, ta koma sayen wuta daga waje. Kuroshiya kuwa an ɗage fara tattaunawa da ita a watan Maris na 2005 saboda ba a miƙa Janar Ante Gotovina ga kotun hukunta laifukan yaƙi da ke birnin Heg ba, mutumin da ’yan ƙasar da yawa suke ɗauka gwarzo. An kama shi a ƙarshen shekarar, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi a 2012. Kuroshiya ta shiga ranar 1 ga Yulin 2013, shekara goma bayan ta nema.

To, a ce ƙasa ta cika duk waɗannan. Ta ci ke nan? A’a, kuma nan ne wannan jarrabawa ta bambanta da taku. Kai in ka sami makin da ake so, malami ɗaya ba zai hana ka sakamako don ba ya shiri da mahaifinka ba. A Tarayyar Turai kuwa, kusan kowane babban mataki sai dukkan ƙasashen sun amince. Ƙasa ɗaya ta hau kujerar-na-ƙi, tafiya ta tsaya. Birtaniya kanta ta ɗanɗana: sau biyu Shugaba Charles de Gaulle na Faransa ya tare mata hanya, a 1963 da 1967, sai a 1973 ta shiga.

Wadda ta fi ba mu tausayi ita ce Masedoniya. Tun 2005 aka amince da ita a matsayin mai neman shiga, amma Girka ta ce ba za ta yarda ba, domin akwai yanki a arewacin Girka mai wannan suna, tana tsoron wata rana a ce nasu ne. Bayan shekaru ana ja, ƙasar ta sauya sunanta a 2019 ta koma Masedoniya ta Arewa. Ku yi tunanin a ce wa ƙasarku sai ta sake suna. Tana gama wannan, a 2020 Bulgeriya ta tare hanya kan taƙaddamar tarihi da harshe. A ganinmu wannan ya wuce batun sharuɗɗa, maƙwabci ne ya sami dama yake biyan tsohuwar buƙatarsa. Turkiyya ma, da aka fara tattaunawa da ita a 2005, babi 16 aka buɗe cikin 35, ɗaya tak aka rufe. Rikicinta da tsibirin Kubrus ya daskarar da wasu, sannan a 2018 Tarayyar ta ce tattaunawar ta tsaya cik saboda koma-bayan da ta ce ta gani a harkar shari’a da ’yancin jama’a.

Duk da haka, tsaurin yana da hujja. Duk wanda ya ga yadda iyayenmu mata suke adashi ya san ba a sa wadda ba a yarda da zubinta ba, don in ta kwashe ta daina zubi, kowa ya yi asara. Ƙasar da ta shiga Tarayyar, mutanenta za su iya zama su yi aiki a sauran ƙasashen, za ta ci daga baitulmalin ƙungiya, za ta kuma sami nata ikon hawa kujerar-na-ƙi. Sannan yarjejeniyar ba ta tanadi korar mamba ba. Ƙasa na iya fita da ƙafarta kamar yadda Birtaniya ta yi ranar 31 ga Janairun 2020, ana iya dakatar mata da ƙuri’a, amma ba a korar ta. Shi ya sa ake tsananta bincike tun a bakin ƙofa.

Mu koma ga Maroko, domin labarinta ya iso har gida. A watan Fabrairun 2017, shekara 30 bayan amsar Turai, ta nemi shiga ECOWAS, wadda ’yan’uwanmu na Nijar ke kira CEDEAO. A taron Monrobiya na watan Yunin shekarar shugabanni suka amince bisa manufa, suka ce a yi nazari. Sai masu masana’antu a Najeriya suka tashi tsaye. Hujjarsu ita ce Maroko tana da yarjejeniyar ciniki da Tarayyar Turai, don haka kayan Turai za su iya biyowa ta can su cika kasuwanninmu. Wasu kuma suka ce Maroko ai a Arewacin Afirka take. Har yau ba ta zama mamba ba.

ECOWAS ɗin kanta ba da irin jarrabawar Kopenhagen ta fara ba. Da aka kafa ta a Legas ranar 28 ga Mayun 1975, kasancewa a Yammacin Afirka shi ne babban abin dubawa, kuma jagororin kafa ta, Janar Yakubu Gowon da Janar Gnassingbe Eyadema na Togo, dukansu sojoji ne masu mulki. Sai a 2001 aka rattaba hannu kan ƙa’idar da ta haramta karɓar mulki ba ta hanyar tsarin mulki ba. Wato an riga an shiga ɗaki sannan aka kafa sharaɗin zama. Saɓanin da ya biyo bayan juyin mulki a Mali da Burkina Faso da Nijar a kan wannan ƙa’ida ya taso, har ƙasashen uku suka fice ranar 29 ga Janairun 2025, mambobi suka koma 12.

Ga aiki ga masu ƙungiyar muhawara a makaranta. Ku kasu gida biyu a kan wannan: da ku ne shugabannin ECOWAS, za ku karɓi Maroko? Ku aiko mana da hujjojin da suka fi ƙarfi a kowane ɓangare, tare da sunan makarantarku, za mu buga waɗanda suka yi fice. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.