Darasin XZ: Yadda ake samun makullin manhaja, da yadda wani ya kusa buɗe ƙofar kwamfutocin duniya da shi

A ranar 29 ga watan Maris na 2024, wani injiniyan kamfanin Microsoft mai suna Andres Freund ya sanar da duniya abin da ya gano a kwamfutarsa. Ya lura cewa shiga na'urar daga nesa yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba, kuma tana cin ƙarfin injin fiye da kima. Da ya bi diddigi, sai ya tarar da wata ɓoyayyiyar ƙofa da aka dasa a cikin XZ Utils, ƙaramar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace kwamfuta mai aiki da Linux.

Wanda ya dasa ƙofar bai yi kutse ba. Makulli ne a hannunsa, kuma mai gidan ne ya miƙa masa bayan ya shafe fiye da shekara yana aiko da gyare-gyare masu amfani. Da ɗan gari akan ci gari.

Tun daga lokacin, tambayar da ta hana masu kula da manhajojin kyauta sakat ita ce: wa za a ba izinin shigar da gyara kai tsaye, kuma da wane ma'auni? Amsar ta shafi bankuna da kamfanonin waya da gwamnatoci, ta kuma shafi matashin da ke koyon rubuta manhaja a Kano ko Legas yana fatan a san da shi.

Yaya ake samun makullin?

Manhaja mai buɗaɗɗen tushe ita ce wadda aka baje rubutunta a fili, kowa na iya karantawa, ya kwafa, ya gyara. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, ita ce ƙashin bayan wayoyin Android da akasarin manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet.

Sai dai ikon karantawa daban, ikon canzawa daban. Baƙo zai iya aiko da faci, wato ɗan gyaran da yake so a liƙa a jikin manhajar. Mai kula da aikin ne zai duba, ya karɓa, ko ya mayar a sake, ko ya yi watsi da shi. Wanda aka ba izinin shigar da gyara kai tsaye shi ne ya tsallake wannan shinge, domin abin da ya rubuta kan wuce ba tare da ya jira kowa ba.

Tsarin ya yi kama da na yaron shago a kasuwa. Da farko ɗaukar kaya ne da aike. In an ga riƙon amanarsa sai a bar shi ya karɓi kuɗi, daga baya maigida ya ba shi makulli ya tafi Umara.

Kowane aiki da nasa matakan. A gidauniyar Apache, kwamitin da ke jagorantar aikin ne ke kaɗa ƙuri'a kafin a ɗaga mai ba da gudummawa zuwa mai izini. A Debian, sai wani tsohon hannu ya tsaya wa mutum, a gwada saninsa, kuma bisa al'ada sai wasu sun haɗu da shi ido da ido sun tabbatar da ko wane ne. A Linux kuwa gyara kan bi ta hannun masu kula da sassa daban-daban kafin ya isa ga Torvalds, kuma tun 2004 kowane mai aikowa ke rattaba sunansa a ƙarƙashin abin da ya aiko.

Waɗannan manyan gidaje ne masu masu gadi da yawa. Dubban ƙananan manhajoji da manyan suka dogara da su mutum ɗaya ne ke riƙe da su, bayan ya tashi daga aikin da ke ciyar da shi. XZ na cikin wannan rukuni.

Yadda aka yi wa XZ

Lasse Collin, ɗan ƙasar Finland, shi ne ya ɗauki nauyin XZ shekara da shekaru ba tare da albashi ba. A ƙarshen 2021 wani mai amfani da sunan Jia Tan ya fara aiko masa da faci. Gyare-gyaren ba su da aibi, kuma mai aikowar yana da ladabi da juriya.

A 2022 sai wasu sunaye da ba a san su da wani aiki ba suka fara matsa wa Collin lamba, suna ƙorafin cewa aikin ya tsaya cik, ya kamata ya miƙa wa wani. Collin ya amsa musu cewa aikin sa-kai ne, yana kuma fama da rashin lafiya, amma akwai Jia Tan da ke taimaka masa, wataƙila zai samu babban matsayi nan gaba. Masu bincike da dama sun yi imanin cewa masu ƙorafin da mai taimakon duk tafiyarsu ɗaya ce.

Zuwa farkon 2023 Jia Tan ya samu izinin shigar da gyara da kansa, har ya kai ga fitar da sabon zubin manhajar. A watan Fabrairun 2024 aka saki zubi na 5.6.0, a watan Maris kuma 5.6.1, dukansu ɗauke da ɓoyayyiyar ƙofar.

An ɓoye ta cikin fayilolin gwaji, irin waɗanda ba kasafai ake karantawa ba, sannan abin da ke tayar da ita yana cikin ƙunshin da ake rabawa ne kawai, babu shi a rumbun da jama'a ke dubawa. Da ta bazu, mai riƙe da wani makullin sirri zai iya ba kwamfutocin da abin ya shafa umarni daga nesa. An ba matsalar maki 10 cikin 10 a ma'aunin haɗari.

Sa'ar da aka yi ita ce gurɓataccen zubin bai wuce nau'ukan gwaji na Debian da Fedora da wasu kaɗan ba, bai kai ga tabbatattun nau'ukan da kamfanoni ke ɗora ayyukansu a kai ba. Har yanzu babu wata hukuma da ta bayyana ko wane ne Jia Tan.

Ba shi ne na farko ba

A 2018 mai kula da wata ƙaramar manhaja mai suna event-stream ya miƙa ta ga wani baƙo da ya nemi ɗaukar nauyinta, domin shi ya daina amfani da ita. Baƙon ya cusa abin satar kuɗin Bitcoin daga masu amfani da manhajar Copay.

A watan Afrilun 2021 masu kula da Linux suka haramta karɓar gyara daga Jami'ar Minnesota ta Amurka, bayan wasu masu bincikenta sun aika da faci masu lahani da gangan don su gwada ko za a gane.

Makonni kaɗan bayan tonuwar asirin XZ, gidauniyar OpenJS ta ce ita ma an aiko mata da saƙonni ana neman a naɗa wasu a matsayin masu kula da wata sananniyar manhaja, da hujjar za su toshe manyan ɓaraka da ba su fayyace ba. Ba a ba su ba.

Abin da ya haɗa akasarin waɗannan shi ne an nufi mutum ne kafin a nufi na'ura. Gajiyayyen mai kula da ba shi da mataimaki ya fi kowace ɓaraka sauƙin shiga.

Wa zai biya kuɗin rashin yarda?

Kan mage ya waye, amma wayewar na da tsada, kuma baƙo mai gaskiya ne ke fara biya. Duk abin da Jia Tan ya yi a shekarar farko shi ne abin da ake shawartar sabon shiga ya yi: ya fara da ƙananan gyare-gyare, ya yi haƙuri, ya rage wa mai kula nauyi. Yanzu waɗannan halaye kansu na iya jawo zargi.

Wasu na ganin mafita ita ce kada a ba kowa makulli sai an san shi a zahiri, an gan shi a taro ko wani sananne ya tsaya masa. Wannan abu ne mai sauƙi ga wanda ke zaune a Turai, inda ake taron FOSDEM a Brussels duk shekara. Ga matashin da sai ya nemi biza ya kuma haɗa kuɗin jirgi da Naira, shinge ne babba.

Najeriya na cikin ƙasashen da rahotannin GitHub ke nuna yawan masu rubuta manhaja na ƙaruwa da sauri, kuma akwai shaidar abin da buɗaɗɗiyar ƙofa ke haifarwa. Segun Adebayo ne ya ƙirƙiro Chakra UI, wadda masu gina shafukan intanet a ƙasashe da dama ke amfani da ita. Ga wanda ba shi da takardar babbar jami'a ko ɗan'uwa a kamfani, gyaran da aka karɓa a sanannen aiki shaida ce da kowane mai ɗaukar ma'aikata zai iya dubawa da idonsa.

Siyasa ma ta shigo. A watan Oktoban 2024 aka cire sunayen wasu masu kula da sassan Linux da ke da alaƙa da Rasha, saboda dokokin takunkumi, kuma Torvalds ya ce ba za a janye matakin ba. Wato fasfo da wurin aikin mutum sun fara shiga lissafin da a da ake cewa ingancin aiki ne kaɗai ke yanke shi.

Su ma masu aikowa na da nasu laifin. A 2020 shirin Hacktoberfest, wanda a lokacin yake ba da riga ga wanda ya aika gyara huɗu, ya jawo ambaliyar faci marasa kan gado har sai da aka sauya ƙa'idojinsa. Yanzu kuma ƙirƙirarriyar basira ta sa ana iya haɗa gyara cikin minti ɗaya, alhali dubawa na cin awanni. Gentoo da NetBSD sun kafa dokokin taƙaita irin wannan gudummawa a 2024.

Ina mafita?

In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Kamfanoni masu cinikin biliyoyin daloli sun ɗora kayansu a kan aikin da mutum ɗaya ke yi kyauta. An ga haka tun 2014, lokacin da ɓarakar Heartbleed ta fallasa cewa mutane ƙalilan ne ke riƙe da OpenSSL da kuɗi kaɗan. Jamus ta kafa asusun gwamnati a 2022 don biyan masu kula da irin waɗannan manhajoji, kuma dokar Tarayyar Turai kan tsaron kayan fasaha, wadda ta fara aiki a Disamban 2024, za ta ɗora wa masu sayar da kaya alhakin abin da suka saka a ciki.

Gyara na biyu shi ne a rage girman makullin. Idan kowane canji sai mutum na biyu ya duba, idan ana iya tabbatar da cewa ƙunshin da aka raba ya yi daidai da rubutun da ke fili, idan ikon shigar da gyara daban yake da ikon sakin sabon zubi, to ko an yarda da mugu ɓarnarsa za ta taƙaita. A irin wannan tsari ba a buƙatar ganin fasfon kowa kafin a karɓi aikinsa.

Ga mai neman shiga kuwa, hanyar na nan, sai dai ta ƙara tsawo. Ya zaɓi aiki ɗaya da yake amfani da shi ya zauna a kai. Ya aika gyara ƙarami mai bayani, wanda zai iya kare kowane layinsa. Ya taimaka wajen duba na wasu, domin nan ne aka fi ƙarancin hannu. Shirye-shirye irin su Google Summer of Code da Outreachy na haɗa sabon shiga da jagora, wanda gobe zai iya tsaya masa. Kada kuma ya roƙi makulli ko ya matsa wa mai kula, domin tun bayan XZ wannan ce alamar farko da ake gudu.

Rabin daƙiƙa da idon mutum ɗaya ne suka hana abin ya kai ga manyan kwamfutocin duniya a 2024. Muddin akwai manhajar da miliyoyi ke dogaro da ita alhali mutum ɗaya ne ke ɗauke da ita kyauta, wani mai haƙuri irin Jia Tan zai sake ƙwanƙwasa ƙofa.