Waiwaye: Jadawalin da Na Rubuta a Ƙofar Kwaya, Aka Soke Shi a Jidda

Yaran Ƙofar Kwaya ta Katsina na zamaninmu ba a ruwan arziki muka koyi iyo ba. A kududdufi muka koya, ramin da aka kwashe ƙasarsa aka yi tubali, damina ta zo ta cika shi. Ana tashinmu daga makarantar allo sai mu tuɓe riguna, mu danne su da dutse, mu faɗa. Gwani a cikinmu shi ne wanda zai toshe hanci ya nutse, ya daɗe bai ɓullo ba har na bakin gaɓa su fara ƙwala masa kira. Da yamma kuwa Inna ba ta neman mai ba da shaida. Dantsenka za ta kama ta karta da farce, in farin layi ya fito, sai tsumagiya. Ido ya yi ja, jiki furu-furu, wasunmu har da tsargiya. Duk da haka mun tashi da abin taƙama guda ɗaya, wato riƙe numfashi.

Sai da furfura ta fara fito mini na gane cewa akwai ruwan da wannan gwanintar ke kashe mai ita a cikinsa.

Ɗan yayata da ke aiki a Jidda ne ya jawo. Ya turo mini bidiyo ta WhatsApp, ga shi a ƙarƙashin Bahar Maliya da tukunyar iska a goye, kifaye masu launi iri-iri suna wucewa ta gaban hancinsa kamar ba su san da shi ba. Ya ce, "Kawu, in kun zo Umra ku ƙara kwana uku, in kai ku." Na kalli bidiyon nan ya fi sau goma. Tekun da kakanninmu suka tsallaka daga Sawakin a ƙananan jiragen ruwa, bayan sun share shekaru suna tafiya a ƙasa ta Barno da Sudan, wanda ba su sani ba sai da tsoro da addu'a, shi ne yau jikokinsu ke shiga cikinsa yawon buɗe ido. Na ce sai na gani.

A majalisarmu bayan sallar isha'i na tsara tafiyar, a bayan wani katin ɗaurin aure. Lahadi Umra. Litinin nutso sau biyu. Talata nutso da safe, da azahar mu hau mota zuwa Ɗa'ifa mu sha iska mu sayo turaren wardi. Laraba da safe nutson bankwana, da dare jirgi zuwa Kano. Na nuna wa ƙanena wanda za mu tafi tare, ya ce, "Yaya, ko wurin shan ruwa ba ka bari ba." Na ce ai kuɗi na biya, da guminmu muka samo su, ba zan bar awa ɗaya ta tafi a banza ba. Wannan hali ne na yawancinmu in an ce gajeriyar tafiya: sai mu cusa mata kaya kamar motar ƙauye ranar kasuwa.

Ranar Litinin ɗan yayata ya kai mu Abhur, arewa da birnin Jidda, inda teku ya kutsa cikin ƙasa kamar kogi. Malamin nutson Bamisire ne, ƙaƙƙarfa, rana ta dafa shi. Kafin mu ga ruwa sai ya miƙo mana takarda mai tambayoyi. Kana da asma? Ciwon zuciya? Farfaɗiya? An taɓa yi maka aiki a kunne ko a ƙirji? Da muka zo kan sikila na ɗan dakata, domin a ƙasarmu kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayarta. Mai ciwon sikila ba ya nutso da tukunya, mai AS kuma gara ya ga likita tun yana gida. Ni AA ne, na wuce. Ƙanena ne ya faɗi a inda ba mu zata ba. Ya kwaso murar nan da kowane mai Umra ya sani, ta sanyin na'ura da cunkoson Harami. Malamin ya ji yadda yake jan hanci, ya girgiza kai. Mai mura ba ya iya daidaita iskar kunnensa, in ya matsa sai dodon kunne ya fashe. Ƙanen nan nawa ya fi ni iyo nesa ba kusa ba, amma a cikin jirgin ruwa ya ƙare kwana biyun nan yana gadin takalma.

Daga nan na fito da katina da alfahari. Malamin ya karanta da taimakon ɗan yayata, ya ɗauki biro ya ja layi a kan nutson Laraba. Ya ja wani a kan Ɗa'ifa. Nutso biyu na Litinin ya mayar da su ɗaya, ya rubuta kwamin wanka a gurbin na farko. Na ce wa ɗan yayata, "Tambaye shi, shi ya biya mini kuɗin jirgi?" Yaron ya ce, "Kawu, yi haƙuri ka saurara tukuna."

Abin da ya bayyana mini a bakin ruwan nan shi ne karatun da ya kamata a ce na yi tun a Katsina. Iskar da ke cikin tukunya irin wadda muke shaƙa ce, an dai danƙare ta, kuma kashi 78 cikin 100 nata naitirojin ne, wanda jiki ba ya amfani da shi. Duk mita 10 da ka nitsa, nauyin da ke danne ka yana ƙaruwa da kwatankwacin na duk iskar da ke kanmu a doron ƙasa. To a ƙarƙashin wannan matsi naitirojin yana narkewa ya shige jini da tsoka. In ka taso a hankali, zai fita ta numfashi ba ka ma sani ba. In ka taso da gaggawa, sai ya yi kumfa a cikin jiki. Duk wanda ya taɓa buɗe gorar kunun aya da ta wuni a rana ya san abin da nake nufi. Kumfar nan in ta tsaya a gaɓoɓi, ciwo. In ta taɓa laka ko ƙwaƙwalwa, shanyewar jiki, wani lokaci ma rasa rai. Wani likitan Birtaniya, John Scott Haldane, shi da abokan aikinsa suka fitar da lissafin yadda ake tasowa mataki-mataki a 1908, kuma da awaki suka yi gwajin, suna sa su a ɗakin ƙarfe mai matsin iska. Da na ji haka na ce ashe har a nan ma akuya ce ta ɗauki wahalar.

Ko bayan ka fito kan tudu naitirojin bai gama fita ba. Jirgin sama kuma, ko da an rufe shi ruf, iskar cikinsa kamar ta kan dutse ce mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Hawa shi da sauran naitirojin a jiki tamkar ci gaba da tasowa ne daga ruwa. Shi ya sa ƙa'idar ta ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso guda, awa 18 in an yi da yawa ko an jera kwanaki, malamai da dama kuma ba sa yarda sai an cika 24. Wannan na fahimta. Amma mene ne laifin Ɗa'ifa, da mota fa za mu? Ya nuna gabas da bironsa. Garin yana bisa duwatsu, kimanin mita 1,800 sama da teku, kuma in ka bi hanyar Hada mai lanƙwashe-lanƙwashe, cikin ɗan lokaci ka haye can. Jini bai san bambancin taya da fiffike ba, tsayin kawai ya sani. Na sha jin mutanenmu suna haɗa ziyarar Ɗa'ifa da komai, kuma ban taɓa jin wanda ya yi wannan gargaɗin ba.

Ya ƙara mini da wani abu. Tunda ba ni da takardar shaida, nutson ɗanɗano kawai zan yi, shi yana gefena, kuma ba za mu wuce mita 12 ba. Takardar farko, wadda ke ba mutum damar kaiwa mita 18, tana cin kwana uku zuwa huɗu: karatu, horo a kwami, nutso huɗu a teku, ga gwajin iyo na mita 200 da tsayawa a saman ruwa minti 10. Da na san haka da na gama ɓangaren karatun ta intanet ina zaune a shagona. Tafiya irin wannan daga ƙarshenta ake fara lissafi. Ka rubuta lokacin tashin jirginka, ka ja baya kwana guda cur ka bar shi fayau, ka ware wani don iska ko mura ko gajiya, abin da ya rage shi ne rabonka. Ni daga farko na faro, shi ya sa na cika katin da abin da ba nawa ba.

Aka shirya ni. Rigar roba mai kama jiki, ɗamarar darma a ƙugu, wani falmaran da ake hura masa iska, takalma masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, sai tukunya da agogonta yana nuna 200. Ya ce in allura ta sauko 50, an tashi wasa. Bahar Maliya ya fi yawancin tekuna gishiri, domin babu wani kogi na dindindin da ke zuba a cikinsa ga rana tana ƙafar da shi, don haka yana tura mutum sama, sai da aka ƙara mini darma. Gilashin fuska ya riƙa shan ruwa ta wajen gashin baki, malamin ya lakato basilin ya shafa mini. Kaina kuwa, askin Umra na jiya-jiya, ba hula, rana ta gasa shi har sai da ya yi saɓa.

Doka ta farko da ya nanata har sau uku ita ce kada in kuskura in riƙe numfashi. Iskar da ka shaƙa a mita 10 tana ninka girmanta in ka iso sama, in ka rufe mata hanya sai ta yaga huhu. Wato abin da na sha bulala ina koyo a kududdufi, abin da ake yi wa masunta kirari a kansa a Matan Fada ta Argungu, a nan shi ne babban haɗari. A kwami na gane cewa jiki ba ya mance tarbiyyar yarinta. Da ruwa ya rufe kaina sai ƙirjina ya kulle da kansa. Malamin ya riƙa buga mini yatsa a gilashi yana nuna kumfar da ke fita daga bakinsa. Na fi rabin awa kafin na yarda cewa bututun nan ba zai yaudare ni ba.

Na yi wani abin kunya kuma da yamma a teku. Mun kai wajen mita shida ya tambaye ni da hannu ko lafiya, ni kuma don murna na ɗaga masa babban yatsa. A wurinsu wannan na nufin a hau sama. Ya kama ni muka taso a hankali, yana duban idona ko wani abu ya same ni. Lafiya lau a ƙarƙashin ruwa zobe ake yi da babban yatsa da manuniya. An gaya mini, ɗoki ya sa na mance.

Ranar Talata jirgi ya fita da mu. Muka bi igiya muna sauka, kowace mita ina matse hanci ina hurawa a hankali har kunne ya yi ɗas. Abin da ya fara ba ni mamaki shiru ne, ba ka jin komai sai numfashinka da wani ƙas-ƙas kamar ana soya gyaɗa a nesa. Sai kuma murjani. Na zo da hoton jan murjanin Hajiyarmu a raina, wanda take ajiyewa a adaka tun na aurenta. Wanda na gani ya sha bamban: wani kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai, wani kamar ƙwaƙwalwar sa, yawanci ruwan ƙasa da shuɗi-shuɗi, domin ruwa launin ja yake fara haɗiyewa. Daga baya na ji cewa irin na Hajiya daga Bahar Rum ake samo shi, fatake suka riƙa ratso Sahara da shi zuwa kasuwannin ƙasar Hausa. Kuma ba dutse ba ne, ba itace ba ne, 'yan mitsi-mitsin halittu ne ke gina shi, manyan curin ba su wuce ƙarin santimita ɗaya ko biyu a shekara ba. Na miƙa hannu zan taɓa, malamin ya doke mini shi kamar yadda Inna ke yi in na kai hannu tukunya.

Muka yi wajen minti talatin da biyar. A hanyar dawowa ya tsayar da ni a mita biyar, muka rataye a igiya minti uku ba ma yin komai. Ga hasken rana a kaina, ga cikin jirgi ina gani, ga inuwar ƙanena yana leƙowa, amma ba dama. Iya ruwa fidda kai ne, in ji mutanenmu, sai dai ban taɓa zaton fidda kan zai zama tsayawa cak ba. A yarinta da ƙarfi muke ɓullowa, muna haki muna tari, 'yan kallo suna tafi.

Laraba na tashi ba ni da abin yi, ina ta ƙunƙuni. Ɗan yayata ya ce mu shiga Balad, tsohon garin Jidda, wanda UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2014. Muka bi lunguna daga Bab Makka har gidan Nasif, muna ɗaga kai muna kallon tagogin katako masu zane. Yaron ya tsaya jikin wani bango da yaɓensa ya zube ya ce, "Kawu, duba nan." Dutsen ginin duk ƙananan ramuka ne, sak irin waɗanda na gani jiya a ƙasan teku. Da murjani aka gina gidajen. Na shafa shi son raina, ba wanda ya doke mini hannu. Muka haɗu da wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa da goro, Hausarta garau ko da yake a can aka haife ta, ta tambaye mu labarin hasumiyar Gobarau da kakarta ke ba ta. Da na bi katina da ban gan ta ba.

Da na koma majalisa na kwashe dare biyu ina ba da labari, ina kwatanta kifaye da hannu. Dattijon cikinmu ya bari sai da na gama, ya gyara zaman hularsa ya ce, "Malam, wai duk kifin nan da ka lissafa, har ƙasan teku ka bi su, ko guda ba ka kamo mana ba?" Na ce ai ba a taɓawa. Ya juya wajen ƙanena ya ce, "To kai da ka zauna a jirgi, me ya fi ka da shi?" Ƙanena ya ce, "Saɓar kai, Baba."