Hoton gida daban, lissafin gida daban

A makon jiya na kai gaisuwa Tsibiri wajen wani alhaji ɗan kasuwa, aminin mahaifina, wanda ya ƙudurta gina bene bakin hanyar Maraɗi, kantuna a ƙasa, iyali a bisa. Tun ruwan sha bai iso ba ya miƙo mini salularsa. Ga gida nan tsaf, da fitilu, da mota a ƙofa, har da wasu itatuwa da ba su taɓa tsirowa a ƙasar Gobir ba. Na ce: "Baba Alhaji, buhun siminti nawa zai ci?" Ya ce yaron da ya yi zanen bai faɗa ba, ai wannan sha'anin magini ne.

To, nan gizo ke saƙa. Manhajar da yaron ya yi aiki da ita ba don hoto aka ƙirƙiro ta ba. Dabarar, wadda masana ke kira BIM, ita ce a gina gidan dukansa cikin kwamfuta kafin a haƙa tushe. A zanen da muka saba da shi, bango layi biyu ne kawai bisa takarda. A nan kuwa bango ya san kaurinsa da tsawonsa da abin da aka yi shi da shi. In aka gusar da shi, ko aka huda masa taga, sai kowace takarda da kowane lissafi su gyaru da kansu. ArchiCAD ta ƙasar Hangari ta share hanya tun shekarun 1980, Revit ta fito a 2000, kamfanin Autodesk ya saye ta a 2002. A Ingila, tun 2016 gwamnati ta wajabta wannan tsari ga ayyukan ginin da take biya.

Tada bango, aza rufi da fidda hoto, saurayi mai kaifin kai yana koyonsu cikin ƴan makonni. Da yawa nan suke tsayawa, kuma ban ga laifinsu sosai ba, tunda hoton ne mai kuɗi ke yabawa. Matakin da ke bi shi ne mai wuya, shi ne kuma mai tsare aljihu. Manhajojin nan suna zuwa da bangaye da ƙofofi irin na Turai. Tilas mai zane ya iya ƙirƙiro namu da kansa: bulo mai kaurin santimita 15 ko 20, tubalin ƙasa, rufin kwano, ƙofar ƙarfe ta maƙeran gari. Daga nan ya fidda jadawali mai nuna faɗin bango, yawan kankare da adadin ƙofofi, wanda da shi za a san ko tan nawa za a ɗauko na simintin Malbaza, buhu 20 ga kowane tan. Sannan ya haɗa aikinsa da na injiniya da na mai famfo, don na'ura ta nuna inda bututun ruwa zai ci karo da ginshiƙi. Wanda ya taɓa ganin ana fasa sabon kankare da guduma don a ratsa da bututu ya san kuɗin da nike nufi.

Akwai kuma zancen tudu da gangare, wanda mu mutanen bakin Gulbi bai kamata a tuna mana da shi ba. Ambaliyar 1945 ce ta kori tsohon birnin Maraɗi daga fadama zuwa bisa tudu, kuma daminar 2024 ta rusa gidaje ta ci rayuka cikin garin nan. Manhajar tana iya ɗaukar awon fili, ta nuna ko daɓen gida ya ɗara titi, da inda ruwan indararo zai bi. Amma sai wani ya taka ya je ya auno filin. Abin da aka ba ta shi take maidowa, kuma ba ta hana a rage siminti a wurin kwaɓi ranar da mai gida ya tafi Kano.

Samarinmu da ke karatun gini a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, da waɗanda suka koyo zanen gine-gine a makarantar EAMAU ta Lome, ba za su wahalar da kansu da wannan mataki ba muddin babu mai tambayarsu. Ga ma'aikatan da ke duba takardun kwangila da na izinin gini ina cewa: ku nemi jadawalin da aka fiddo daga zanen kansa. Ba sai kun sayi manhaja mai tsada ba. Akwai wani tsarin ajiya da ake kira IFC, ana buɗe shi da manhajoji na kyauta.

Kafin in yi sallama, Alhaji ya kira yaron. Ya amsa cewa zai iya fidda lissafin, amma sai an ba shi mako biyu da ƙarin jika hamsin, don bangayen duka sai ya sake su. Na baro su suna ciniki, Alhaji ya tsaya a talatin.