Idan ma'aikata ta rufe, wa ke riƙe da dosiyen ma'aikatanta?

A ƴan shekarun nan ma'aikatu da dama a Nijar sun rufe ko sun canza hannu. Kamfanin haƙar uraniyom na Cominak da ke kusa da Arlit ya tsaida aiki ranar 31 ga watan Maris 2021, bayan fiye da shekara 40 yana haƙa. A watan Fabrairun 2025 hukumomi suka umurci ƙungiyar agaji ta CICR da ta rufe ofisoshinta, a watan Yuni kuma gwamnati ta mai da Somaïr mallakar ƙasa. Rufewar iyakar Benin tun 2023 ita ma ta rage aiki ga kamfanonin fito da na sufuri, daga Gaya har Maraɗi. Duk lokacin da haka ta faru, hankali kan koma kan kuɗin sallama. Ba kasafai ake tambayar inda takardun ma'aikata za su kwana ba, alhali da su ne za a yi lissafin fansho wata rana.

Dokar ƙwadago mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata nauyin rubutu. Dole ya riƙe kundin rajista da ke nuna ko su wane ne ma'aikatansa, irin kwangilarsu da albashinsu, kuma sufeton ƙwadago na da ikon neman ganinsa. Dole ya ba ma'aikaci takardar albashi duk lokacin biya, ya kuma ba shi takardar shaidar aiki ranar da suka rabu. Wannan kundi ba sabon abu ba ne. Tun dokar ƙwadago ta 15 ga Disamba 1952, ta zamanin mulkin Faransa, aka wajabta shi, tare da sharaɗin a adana shi shekara 5 bayan rubutu na ƙarshe da aka yi a ciki.

Ta fannin lissafin kuɗi kuwa, dokar OHADA ta 2017 da ke aiki a Nijar da sauran ƙasashe 16 ta ce, a sashenta na 24, a adana littattafan lissafi da takardun da ke tabbatar da su har shekara 10. Biyan albashi kashe kuɗi ne, don haka takardunsa na cikin waɗanda wannan wa'adi ya shafa.

A nan giɓin yake. Saurayin da ya fara aiki a wani gidan mai a Damagaram yana da shekara 25, sai bayan shekara 35 zai kai shekarun ritaya, wato 60. Kafin lokacin mai yiwuwa ya yi aiki wurare huɗu ko biyar. Uban gidansa na farko na iya zubar da takardun lissafinsa bayan shekara 10 ba tare da ya taka doka ba, idan ma yana raye kuma gidan man na nan. Wa'adin doka ya fi rayuwar aiki gajarta nesa ba kusa ba.

Wurin da ya kamata ya tuna komai shi ne asusun CNSS, wanda jama'a suka fi sani da kes. Ana cire kashi 5,25 cikin 100 na albashin ma'aikaci don fansho, mai ma'aikata ya ƙara nasa kason, ya kai duka tare da jerin sunaye. Amma ganin an cire kuɗi a takardar albashi bai tabbatar da cewa sun isa kes ba. Akan samu watannin da ba a zuba ba, ko sunan da aka rubuta iri biyu, ko ranar haihuwar da ta saɓa da ta takardar haihuwa. Idan irin wannan ya fito fili ranar haɗa dosiyen ritaya, abin da zai ceci mutum shi ne tsofaffin takardun albashi da shaidar aiki. Idan kuwa ya rasu, nauyin neman su kan faɗa kan matarsa da marayu, waɗanda galibi ba su san ma sunan ma'aikatar farko ba. Haka abin yake ga ciwon da aiki ke jawowa, kamar na huhu ga masu aiki cikin ƙura, wanda kan ɗauki shekaru kafin ya bayyana.

Yadda ake ajiyar ma abin dubawa ne. A ƙananan kamfanoni, makarantu masu zaman kansu da gidajen magani, dosiye kan zauna cikin kwali a ƙasan ɗaki, inda gara da ɓera da yoyo ke jiran sa. Ambaliyar daminar 2024 ta shafi fiye da mutum miliyan guda, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Ruwan da ya rushe gidaje bai ƙyale takarda ba. Kwamfuta ma ba ta kawar da haɗarin ba muddin komai na cikin na'ura guda a hannun mai lissafi guda, wanda zai iya barin aiki da lambar sirri a kansa.

Sai dai ajiya ba ta nufin tara takardu barkatai. Dokar kare bayanan sirri ta 16 ga Disamba 2022, wadda hukumar HAPDP ke sa ido a kanta, ta buƙaci a tsare bayanan mutane, kada kuma a riƙe su fiye da lokacin da ake buƙata. Dosiyen ma'aikaci na ɗauke da albashinsa, bashinsa, sakamakon likita da sunayen iyalinsa. Bai dace ya ƙare a hannun mai ƙosai ana naɗe wa mutane karin kumallo da shi ba. Abin da wa'adinsa ya cika a ƙone shi, abin da ya shafi fansho da lafiya a killace shi.

Gyaran bai buƙatar kuɗi mai yawa. Mai ma'aikata na iya ware takardun kes da na shaidar aiki daga sauran tarkacen lissafi, ya ɗora su a kabad mai makulli nesa da ƙasa, ya ajiye kwafi a wani wuri daban. Sufetocin ƙwadago da ƙungiyoyin ma'aikata na iya sa batun dosiye cikin abin da ake tattaunawa kafin a rufe kowace ma'aikata, a san takamaimai wanda zai karɓe shi. Shi kuwa ma'aikaci, hanya mafi tabbas ita ce ya adana kowace takardar albashi, ya ɗauki hotonta da waya, ya san lambarsa ta kes, ya riƙa zuwa ofishin CNSS na garinsu yana duba watannin da aka zuba masa. Kuskuren da aka gano tun uban gida na nan ana iya gyara shi da sa hannu guda. Wanda aka gano bayan shekara 30 kuwa sai an nemi shaidu, kuma ba lalle a same su ba.