Jijiyar da ta yanke ba ta jira: abin da Zariya ke buƙata kafin sabon jel ya iso

A ɗauki misalin matashi mai ɗinkin hannu a cikin birnin Zariya, irin waɗanda ke zama a zaure suna yi wa babbar riga aska takwas. Gilashin taga ya yanke shi a wuyan hannu. An garzaya da shi kemis, an tsayar da jini, an ɗinke fata, bayan mako biyu ciwo ya warke.

Sai dai babban yatsansa da manuni sun daina jin komai. Allura na zamewa daga hannunsa bai sani ba. 'Yan uwa su ce ya yi haƙuri, zai sake. Wata shida, shekara guda, tsokar gindin babban yatsan ta lotse. Sana'ar da ya gada ta tafi, alhali ba a yanke masa hannu ba.

Abin da ya faru shi ne an ɗinke fata, an bar jijiya a yanke a ciki. Kuma irin wannan raunin ne masana a ƙasashe da dama ke neman magance shi da wani abu mai kama da romon da ya daskare, wanda ake kira haidirojel. Bincike ne mai kyau, ya kamata Zariya ta shiga cikinsa. Amma ya kamata a faɗi gaskiya tun yanzu: babu jel ɗin da zai ceci hannun da aka makara wajen kai shi asibiti.

Kalma ɗaya, abu uku

Wani ɓangare na matsalar yana cikin harshe. Bahaushe na kiran hanyar jini jijiya, yana kiran igiyar da ta haɗa tsoka da ƙashi jijiya, sannan yana kiran wayar da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa gaɓoɓi jijiya. Idan aka ce "jijiya ta yanke", yawanci jini ake nufi. Da jinin ya tsaya sai hankali ya kwanta.

Ta ukun nan ita ce ke sa a ji zafi da sanyi, ita ke umartar yatsa ya lanƙwashe. Idan ta yanke, sashen da ya rabu da tushe yakan ruɓe a cikin kwanaki, abin da wani masani ɗan Ingila, Augustus Waller, ya bayyana tun 1850. Sa'ar da aka yi ita ce, ba kamar laka ba, wannan jijiyar tana iya sake tsirowa. Amma tafiyar hawainiya take yi, kimanin milimita 1 a rana, wato kusan inci guda a wata.

Lissafin a fili yake. Daga wuyan hannu zuwa kan yatsa watanni ne. Daga kafaɗa zuwa tafin hannu kuwa, kamar yadda kan faru ga ɗan acaɓa da ya faɗi a kan kafaɗarsa, tafiyar na iya kusantar shekara biyu. Ita kuma tsoka ba ta da wannan haƙurin. Idan ta yi kamar wata 12 zuwa 18 babu saƙo, takan ƙanƙance ta yadda ko jijiyar ta iso daga baya ba za ta amsa ba.

Mene ne haidirojel?

Duk wanda ya taɓa ganin farfesun ƙafar saniya ya kwana a lokacin hunturu ya ga haidirojel. Romon ya daskare yana rawa, yawancinsa ruwa ne, amma wasu zaruruwa da ido ba ya gani sun riƙe shi. Zaruruwan daga kolajin suke, sinadarin da ke cikin fata da ƙashi. Abin da ke tsotse fitsari a famfas ɗin yara ma danginsa ne. Masana biyu a ƙasar Cekosulobakiya, Otto Wichterle da Drahoslav Lím, su suka gabatar da irinsa don amfanin likitanci a 1960.

Don gane amfaninsa, sai an san yadda ake gyaran jijiya a yau. Idan bakunan biyu na kusa, likitan tiyata yakan ɗinke su da zaren da ya fi gashi siranta, yana kallo ta madubin ƙara girma. Idan akwai giɓi, yakan yanko wata jijiya daga sha-raɓar majinyacin ya yi gada da ita. Wannan ita ce hanyar da aka fi amincewa da ita har yanzu, sai dai tana barin gefen ƙafa babu ji, ga tiyata biyu maimakon ɗaya.

Hanya ta uku ita ce a saka bakunan cikin ɗan bututu, jijiyar ta bi ta ciki. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani irinsa mai suna NeuraGen, da aka yi da kolajin saniya, a 2001. Matsalarsa, bututun da babu komai a ciki ba ya aiki sosai idan giɓin ya wuce santimita 3.

A nan jel ya shigo. Ana cika bututun da shi don ya zama kamar sandar da ake kafa wa doya ta hau. Ƙwayoyin halittar da ke yi wa jijiya jagora suna samun abin kamawa, ana iya zuba sinadaran haɓaka tsiro a ciki su riƙa fita sannu a hankali, kuma yana iya rage tabon da ke shaƙe jijiya. Daga baya jiki ya narkar da shi. Ana yin sa da kolajin, ko sinadarin ɓawon jatan lande, ko na ciyawar teku.

Amma mafi yawan nasarorin da ake wallafawa a jikin ɓeraye aka same su, a giɓin da bai wuce santimita 1 zuwa 1.5 ba. Tsakanin cinyar ɓera da hannun magidanci akwai tafiya. Duk wanda ya zo yana tallar "jel mai haɗa jijiya" a kwalba ko a Facebook, ana shafawa a fata, damfara ce. Na gaskiyar a ɗakin tiyata ake saka shi.

Inda giɓin Zariya yake

Raunin jijiya ba baƙo ba ne a wannan yanki. Akwai haɗarin babur da Keke Napep. Akwai saran adda da wuƙa. Akwai karayar damtse da kan taɓa jijiya har hannu ya riƙa lilo daga wuyansa, wani lokaci kuma ɗorin da aka ɗaure tamau ya ƙarasa ɓarnar. Akwai yaran da aka yi wa allura a ɗuwawu ba a daidai wurin ba, ta taɓa babbar jijiyar ƙafa, yaro ya tashi yana jan ƙafa ana zaton shan-inna ce.

Zariya ma ta daɗe da sanin cutar da ke cin jijiya. A Saye aka kafa cibiyar ƙasa ta horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta, kuma darasin kuturta ɗaya ne da wannan: wanda ya zo da wuri yakan tsira da yatsunsa.

Daga Ƙofar Doka zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ba tafiyar yini ba ce. Asibitin Hajiya Gambo Sawaba yana nan a Ƙofar Gayan. Abin da ke cinye watannin ba nisa ba ne. Rashin sanin cewa akwai abin da za a iya yi ne, da tsoron kuɗin tiyata, da kuma "bari mu gani".

Saboda haka aikin farko ba ya buƙatar sabuwar fasaha. Duk ma'aikacin lafiya da zai ɗinke yanka a hannu ya fara gwada ko yatsu na ji kuma suna motsi. Gwajin minti biyu ne. Idan babu, a rubuta takardar tura majinyaci babban asibiti a ranar, domin yankan wuƙa ko gilashi ya fi kyau a gyara shi cikin kwanakin farko. Masu ɗori, waɗanda jama'a suka yarda da su, a zauna da su cikin mutunci a nuna musu alamomin da ke cewa wannan ya fi ƙarfin tsinke da ƙyalle. Allurar ƙananan yara kuma a gefen cinya ya kamata a yi ta. Hukumar KADCHMA ta jihar Kaduna ta duba yadda tiyatar jijiya da gashin da ke biyo bayanta za su shiga tsarin inshora, don gyara ba tare da watannin motsa gaɓa ba rabin aiki ne.

Me zai hana a yi shi a gida?

Wani zai ce ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke kashe yaranta ba ta da hurumin binciken jel. Maganar na da nauyi. Amma raunin jijiya yawanci matasa masu ciyar da gida yake kamawa, kuma kayan da aka shigo da su da dala ba za su taɓa isa hannun maɗinki ba.

Garuruwa kaɗan ne a Najeriya suka tara abin da Zariya ta tara. Jami'ar Ahmadu Bello, da aka kafa a 1962, tana da tsangayoyin likitanci, haɗa magunguna, likitancin dabbobi da injiniyanci. Cibiyar binciken fata ta NILEST na Samaru, ta binciken sinadarai NARICT na Basawa, ta binciken dabbobi NAPRI na Shika. Kolajin kuwa daga fata da jijiyar shanu ake cire shi, abin da Arewa ke da shi jingim.

Akwai kuma batun da majinyaci Musulmi zai tambaya. Wasu daga cikin kayan gyaran jijiya na ƙasashen waje daga alade ake samo su. Wanda aka yi da saniyar da aka yanka a gida ya kawar da wannan shakkar.

Ba aiki ne mai sauƙi ba. Kolajin da za a saka a jikin mutum sai an tace shi matuƙa, an gwada a dabbobi, an gwada a mutane da izini, NAFDAC ta amince. Shekaru zai ɗauka. Amma haɗa waɗannan cibiyoyi a kan aiki guda, da tallafin TETFund, abu ne da za a iya farawa bana, tare da rajistar masu raunin jijiya don a san girman matsalar.

Kafin nan, abin da ke hannun kowa shi ne lokaci. Idan ciwo ya warke amma yatsa bai ji, ko hannu na lilo, ko yaro ya fara jan ƙafa bayan allura, kada a jira wata ya kama. A tafi asibiti a wannan makon, a kuma faɗa wa likita ƙarara cewa wurin ba ya ji.